Gorar Auta

Tun yana yaro ake ce masa Ƙarfe, sunan kuwa ya cuce shi, don ba wanda ya taɓa tambayarsa ko ya gaji. Kafinta ne mai rufin kwano, a saman gidajen mutane ya yi furfura. Tare yake fita aiki da ƙaninsa Auta, gardi mai 'ya'ya uku, amma har gobe Inna, mahaifiyarsu, sai ta cika wa Auta gora da ruwan sanyi ta naɗe a tsumma. Ƙarfe kuwa rabonsa bai wuce "Ka kula min da shi" ba. Abin yana cinsa, yana kuma jin kunyar yadda yake cinsa.

Ran nan Auta ya manta gorarsa a gida, ga rana ta take, kwano har ƙuna yake ta cikin takalmi. Ƙarfe ya lura ƙanin nasa yana buga ƙusa inda babu katako.

"Kai, lafiyarka?"

Auta ya amsa da magana ba kai ba gindi. Ƙarfe ya taɓa wuyansa, ya ji zafi zau, fata a bushe, ko ɗigon gumi babu. Ya saɓa shi a kafaɗa ya sauko ta tsani, ya kwantar da shi a inuwa, ya tuɓe masa riga, ya yi ta kwara masa ruwan magina yana fifita da kwali. Wani lebura ya kai kofi bakin Auta.

"Kar ka ɗura masa, ba ya cikin hayyacinsa!" in ji Ƙarfe. "Nemo mota!"

A asibiti likita ta ce da an yi jinkiri, da sai dai wani labarin.

Inna ta shigo da gorar a hannu, ta wuce Ƙarfe ta nufi gado. Yana zaune kan benci, kansa na sarawa, ƙafafunsa na ɗaurewa, harshe a bushe. Ya ga tana shafa kan Auta, wallahi sai ya so a ce shi ne a kwance.

Can ta juyo ta miƙo masa gorar. Sai da idonsa ya kawo ruwa.

"Riƙe masa, in ya farka zai nema."

Ƙarfe ya dubi gorar. Ya buɗe, ya kafa kai ya shanye tas, tana kallo.

"Inna, ni ma a saman kwanon nake."