Masta Alu da Kunnen Motar Wan Matata

Motar wan matata ta daina gudu a hannuna, saura sati uku ya sauka daga Jamus. Ni na jawo. A lokacin, da wani ya faɗa min haka, da mun yi dambe. Wanda ya faɗa ɗin ya tsira ne don ya girme ni, kuma shi nake so in jinjina wa yau, tunda ƙarshen watan nan zai ajiye aiki: Masta Alu, makaniken da ke bakin babbar gotar ruwan da ta raba Nima da Maamobi.

Kullum in an idar da asuba, sai ya tsaya wajen Sala mai koko ya karya, ya buɗe kwantenar da yake aiki a ciki, ya share gabanta da kansa, ya zauna a kan tsohuwar kujerar bas yana jira. Tabaransa ƙafa ɗaya gare shi, ɗayar waya ce. Shekara talatin da shida ke nan. Ya fara tun zamanin da ake saita wutar inji da kunne. Da motoci masu kwamfuta suka shigo, sa'o'insa suka ce wannan aikin aljanu ne, suka koma gyaran trotro, ƙananan bas ɗinmu na haya. Shi kuwa yana da shekara hamsin ya sayi tsohuwar laftof a kasuwar Circle, ya zauna yana latsawa da yatsa ɗaya har ya iya.

Ni Garuba mahauci ne a kasuwar Nima, ban san inji ba, amma ga yadda ya bayyana min. Fulogi yana da lokacin da zai ba da wuta, daidai, kamar wuƙa a gaɓa. In mai ya fashe ba a kan ƙa'ida ba, inji yakan yi ƙwanƙwasa daga ciki, ita ce ke cinye fistin. Shi ya sa aka manna wa inji 'yan kunnuwa a jiki. Da sun ji ƙwas-ƙwas, sai kwamfuta ta ja wutar baya don ta ceci inji, ta rubuta nawa ta ja wa kowace silinda. In an ja wuta baya, ƙarfi ya tafi. Waɗannan lambobin Masta Alu ke karantawa. Kowa yana iya ganinsu a laftof. Sanin abin da suke nufi shi ne aikin.

Ku tambayi Kazeem mai sayar da waya. Ya kawo motarsa yana ihu an sayar masa da mataccen inji. Masta Alu ya duba, ya ga silinda huɗun duk an ja su baya daidai wa daida. Ya cire tabarau ya ce, “Kazeem, ina ka sha mai?” Kazeem ya rantse a gidan mai ya sha. Masta ya sake tambayarsa. Can sai Kazeem ya ce to, akwai wani ɗan ƙanen babarsa da ya kawo masa galan biyu da araha. Ko noti ɗaya ba a kwance ba. Aka zubar da man, aka zuba na kirki, mota ta warke. Mu goma muna wajen muna shan shayin ataya.

To ni ma na yi dariya a ranar. Sai nawa ya zo.

Yaya Osumanu, wan matata Lauratu, boga ne, wato mazaunin Turai, shekararsa ashirin a Hamburg. Ya turo mota ta tashar jirgin ruwan Tema, baƙa, silinda shida da tabo mai ƙara wa inji ƙarfi, irin wadda in ka taka sai bayanka ya manne da kujera. Ya ce in ajiye masa, in riƙa zagayawa da ita kada batir ya mutu. Amana ce. Na zagaya da ita sosai. Juma'a a Kanda, suna a unguwar Madina, har sayen albasa. Sai na lura idon mutane ya yi yawa a kanta. Wani ma ya shafa ta ya ce, “Ei, Garuba, nama yana biya haka?” bai ce tubarkalla ba. Na ɗauki mataki, ban gaya wa kowa ba.

Bayan kwana biyu mota ta zama tunkiya. Na taka a hanyar Tema, wata trotro cike da doya ta wuce ni, kwandastan yana ɗaga min hannu. Na ce shi ke nan, masu mugun ido sun riga ni.

Na tsallake Masta Alu, don na san bakinsa, na tafi Abossey Okai, kasuwar kayan mota. Wani mai kwamfuta a can ya canja fulogi shida, ya goge lambobin kaf, mota ta tashi kamar doki. Kwana biyu ta koma tunkiya. Na koma. Ya ce, “Cale, abokina, kunnen ne ke damunta. Kawo ta gobe in toshe shi, za ta yi gudu har ka ji tsoro.” Na yarda. Lauratu ce ta tsaya a ƙofa ta ce, “Motar Yayana ce. In ba ka kai ta wajen Baba Alu ba, yau zan kira Hamburg.”

Na kai.

Bai buɗe bonet ba. Ya jona laftof, ya ce in tuƙa. Muka hau titin Kanda, yana riƙe da ita a cinya yana cewa taka, saki, taka. Da muka dawo ya juyo min da allon. “Karanta.”

Na ce, “Masta, ni na san sifili.”

“Ya isa. Ukun gaba sifili ne, ko kusa. Ukun baya an ja su shida, bakwai, shida. In mai ne, duka shidan za su yi kuka. In fulogi ne ko koyil, guda ɗaya ce za ta yi. Amma uku a jere, masu kunne ɗaya, kuma sai allurar juyin inji ta kai dubu uku? Kunnen baya yana jin wani abu, kuma ba daga cikin inji ba. Me ka sa mata?”

“Wallahi ban...”

“Kar ka ƙarasa. Mota ba ta ƙarya, Garuba. Mai mota ne ke yi.”

Ya buɗe bonet, ya cire murfin roba, ya zura hannu ta baya har kafaɗa. Ya fito da shi a bakin filaya: kwaɗon ƙarfe irin na kulle ƙofa, an ɗinke rabinsa da jar fata. Wani malami ne ya ba ni don kulle bakin maƙiya, ya ce in ɓoye inda ido ba ya kai, in jefa makullin a teku. Ni na ɗaure shi da waya a jikin inji, taƙi ɗaya daga kunnen. Da inji ya ɗau zafi sai ya yi ta bugun ƙarfe, mota ta ɗauka cikinta ne ke fashewa.

Masta ya ɗaga shi sama ya ce, “Maƙiyanka ba su ji komai ba. Motar ce kaɗai ta ji.” Sannan ya sassauta murya. “Ka riƙa yi mata addu'a, ita ba ta yin ƙara. Kuma da ka bari an toshe kunnen nan, ran da ka sha mugun mai ba abin da zai ja wuta baya. Da fistin a leda za ka tarbi Osumanu.”

Masta Alu, kai ne ka ƙi kwance abin da bai lalace ba. Kai ne ba ka goge lamba sai ka ji ƙorafinta. Na ji ciwo a ranar, ban gode maka ba, na ja mota na tafi ina huci. Yau na gode. Allah ya ƙara wa idon nan haske, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma masu laftof na yanzu, kafin ya rufe kwantena ku je ku zauna kusa da shi. Goge lamba ko akuya ta taka madanni za ta iya. Ku koyi tambayar me ya sa.

Shi bai gaya wa kowa ba, na shaida. Amma Sala tana tsaye da kofin koko lokacin da kwaɗon ya fito. Kafin azahar labari ya kai Tudu, kafin la'asar ya kai Hamburg. Ran da Yaya Osumanu ya sauka, na kai masa motarsa filin jirgi tana gudu kamar sabuwa. Ya rungume ni, ya karɓi makulli, ya sa ƙanwarsa a gaba, ya ce kujerar baya ta cika da akwati. A trotro na dawo. Har yau ban sake taɓa sitiyarin nan ba, kuma daga Maamobi zuwa mahauta ba mai kirana Garuba mai nama. Garuba Kwaɗo suke cewa, har jikokina.