Ruwan Kagoro a Zanin Mama

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai iya kwashe ranar da na raka Mama filin jirgin sama na Abuja. Ƙanwata da ke aure a Ghana ce ta haihu, namiji, jikan Mama na fari, aka ce mu zo. Ni malamar makaranta ce a Kafanchan, kuma da yake na taɓa shiga jirgi, sai aka ɗora mini rakiya.

A gidanmu akwai wata al'ada. Kafin a kai jariri coci a miƙa shi ga Ubangiji, sai kakarsa ta yi masa wanka da ruwan wani idon ruwa da ke gindin dutsen Kagoro, bayan gonar kakanmu. Da shi aka wanke marigayi Baba yana jariri, da shi aka wanke mu duka. Fasto ya sha faɗa mata cewa ruwa duk ruwa ne. Mama takan ce, "Amin, Fasto," gari na wayewa ta tafi ɗiba abinta.

Tun a gida na ja mata kunne cewa duk abin da ke zuba a babbar jaka ake sa shi, ba a riƙe shi a hannu. Ta ce to. Ashe da na juya baya ta zare gorar robar da ta cika da ruwan, ta cusa a jakar hannunta. Wai ba za ta bar shi ya yi tafiya inda idonta ba ya gani ba.

Manyan jakunkuna sun riga sun wuce ciki lokacin da muka iso wurin bincike. Jakar Mama na shiga na'ura, wata ma'aikaciya ta janye ta gefe, ta zaro gora. Yesu! Da ta ji muna Hausa, sai ta ce, "Mama, wannan ba zai wuce ba. Ko ki shanye, ko ki jefa a kwandon can."

Mama ta dubi kwandon, cike da gorunan mutane, ta dafe ƙirji. "Yarinyata, ba na sha ba ne. Na jikana ne. Ni da ƙafana na hau na ɗebo."

"Ayya, Mama, doka ce. Ruwa mai yawa haka ba ya shiga."

Ni kuwa raina ya gama ɓaci. Layi ya taru a bayanmu, wani mai kwat yana ta tsaki, ana kiran jirginmu. Na ce, "Mama, don Allah ki bar shi! A Ghana babu ruwa ne?" Ko kallona ba ta yi ba. Idonta ya ciko, ta ce a hankali, "Yaron nan a ƙasan mutane aka haife shi. In ban kai masa gida ba, wa zai kai?" Nan tausayinta ya kama ni.

Can sai ta share ido ta tambayi ma'aikaciyar, "Gora ne ba ku so, ko ruwa?"

"Ruwan da ke ciki, Mama. In babu komai a gorar, ki wuce da ita."

"To jiƙaƙƙen zani fa? An hana?"

Matar ta kalli abokin aikinta, shi kuma ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin an hana ba.

Kafin in ce wani abu, Mama ta kwance zanin zumuntar matan coci da ta yafa, ta dunƙule shi a leda, ta tsiyaye masa ruwan kaf, ta ɗaure bakin ledar tam. Ta miƙa wa matar gorar ta ce, "Ga naku." Aka sake sa ledar a na'ura, ta fito lafiya. Har mai kwat ɗin nan sai da ya tafa. A cikin jirgi kuwa a cinya ta rungume ledar, ta hana ni ko taɓawa.

Washegari da safe a gidan ƙanwata ta matse zanin a bahon jariri. Abin da ya fito bai cika kofi ba, ga shi zanin ya yi zuba, ruwan ya koma shuɗi-shuɗi. Ƙanwata ta yi dariya har da riƙe ciki, tana cewa za a rina mata ɗa. Amma da Mama ta ɗebo a tafin hannu ta shafa wa yaron a ka, tana yi masa addu'a da yarenmu, dariyar ta tsaya, ƙanwata ta fashe da kuka. Ni ma ban tsira ba.

Na koyi abu biyu a tafiyar nan. Na farko, kar ki yarda da "to" ɗin tsohuwa sai kin leƙa jakarta. Na biyu ya fi zama mini a rai: kafin ki ce wa mutum ya jefar da abin da ya rungume, ki tsaya ki tambaye shi ko na wane ne.