Ranar da Ɗankaza ta ɓace a shafina

Shekarun baya can, lokacin ina ganin duk Wudil babu kamata a harkar kwamfuta, saura ƙiris na sa a tsige kawuna daga kujera saboda harafi ɗaya tal.

Ni dai boko bai karɓe ni ba, a aji biyar na sakandare muka rabu lami lafiya. Kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni, a waya na koya, ina kallon bidiyo a shagon abokina mai gyaran waya a bakin gada. Kawuna kuma shi ne shugaban wata ƙungiyar manoma. Ya tashi a taro ya ce ɗansa, wato ni, zai yi musu shafin rajista a intanet, a huta da littafin da gara ke ci. Na haɗa shi cikin sati biyu, ina ta hura hanci. Shigar da sunaye aka ba magatakardan ƙungiya, wani tsohon malamin Hausa, irin waɗanda ko saƙon waya za su tura sai sun sa waƙafi.

Ranar rabon irin shuka mota ta zo, fili ya cika. Tsarin shi ne, mazaɓar da sunayenta suka fito a shafin, ita za a sauke wa buhu. Kawu ya riƙe wayarsa ya rubuta Achika, sunaye suka zubo. Kausani, suka zubo. Ina gefe ina gyara zaman hula. Sai ya rubuta Dankaza. Shafi ya ce babu kowa.

"Kai, zo nan. Ina mutanen Ɗankaza?"

"Kawu, sabis ne."

"Sabis ɗin ya san Achika amma bai san Ɗankaza ba?"

Kafin na ƙirƙiro wata ƙaryar, wani dattijo mai sanda daga Ɗankaza ya miƙe. "Dama mun sani! Don ba mu zaɓi ɗan takararku ba kuka goge mu. Alhaji, yau ko a sauke mana iri, ko kai ka sauka!" Direba kuma ya fara danna hon, wai yana da wani garin.

Na buɗe laftof, na leƙa inda bayanan suke ajiye. Sunayen suna nan reras, ko ɗaya bai ɓata ba. To me ya hana su fitowa? Sai magatakarda ya leƙa wayar Kawu ta saman gilashinsa ya ja tsaki.

"Wa ya rubuta wannan? Babu gari mai suna Dankaza. Ɗ ne, mai ƙugiya. Ni ban taɓa rubuta shi tsirara ba."

Wallahi ji na yi kamar an kunna min fitila a ka. A idon mutum D da Ɗ 'yan gida ɗaya ne, amma a wajen kwamfuta ko gaisawa ba sa yi. Malam ya shigar da ƙugiya, wayar Kawu kuwa ba ta ma da ita. Na zauna kan wani buhu na ƙara layi huɗu: kafin a kwatanta, a cire ƙugiya ta ɓangare biyun, ɗ ta koma d, ƙ ta koma k, ɓ ta koma b, manyan baƙaƙe su koma ƙanana. Rubutun Malam ban taɓa shi ba, yana nan da ƙugiyarsa.

"Kawu, sake gwadawa."

Sunaye suka zubo, na farko kuma na dattijon nan ne.

Na ce masa, "Baba, ga ka nan, kai ne ma a sama."

"To dama a ƙasa zan kasance, ɗan nema?"

Fili ya kaure da dariya, aka sauke wa Ɗankaza irinta har da tafi. Ni kuwa na mayar da hulata gefe kamar dama na shirya abin.

Tun ranar, kafin na ce na gama aiki, sai na miƙa wa wani ya latsa da wayarsa da irin rubutunsa, don ni a yadda na gina shi kawai nake gwadawa. Sunan mazaɓa kuma na daina bari a rubuta da hannu, jeri nake sawa mutum ya zaɓa.

Kawu ya ci gaba da kujerarsa har ya gaji ya sauka da kansa. Amma har gobe, ko tayar babur ɗina ce ta sace, sai ya kalle ni ya ce, "Sabis ne, ko?"