Sahun da Ya Shiga Kasuwa

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, nan Wudil, aikin kammala karatunmu shi ne manhajar waya mai gane halin da mai ita yake ciki ta hanyar duba wuri da lokaci. In yana aji ko yana salla ta kashe ƙara, in yana kasuwa ta ɗaga ta har ƙarshe. Mu biyu ne, ni da wata 'yar ajinmu, Kirista daga Filato, wadda ta fi ni baki nesa ba kusa ba. Ita ke rubuta manhajar, ni aka bar wa tantancewa. Zan rubuta kowane hali da ƙa'idar lissafi, in miƙa wa wata manhajar bincike ta bi duk abin da ka iya faruwa, ta tabbatar babu inda umarni biyu za su yi karo. Malamin da ke duba mu ya ce ba zai sa hannu ba sai binciken ya fita tas, wanda kuwa bai samu sa hannu ba sai ya ƙara shekara.

Binciken ya ƙi fita. Kullum amsa ɗaya yake ba ni, wai akwai lokacin da mutum yake kasuwa kuma yake salla, wayar ba ta san ko ta yi shiru ko ta yi ƙara ba. Na ɗauka kuskuren rubutu ne. A ɗakina na Sabon Gari na riƙa bin layukan ɗaya bayan ɗaya, in an ɗauke wuta in koma kan takarda, har idanuna suka fara yaji. Ban ga komai ba.

Wata Juma'a Baba ya aiko daga ƙauyenmu Utai in saya masa igiya. Ina cikin kasuwa aka tayar da salla, sahu ya riga ya fito daga masallaci ya kutsa tsakanin rumfuna. Na shimfiɗa wani tsohon buhu kusa da mai manja na bi jam'i. Sai da na sallame na tuna da amsar nan. Tun ina yaro haka muke yi ni da Baba duk ranar kasuwa, amma da na zauna rubutu sai na ajiye masallaci daban, kasuwa daban.

Na gyara, na ce in sun haɗu salla ce gaba. Da na nuna wa abokiyar aikina sai ta kalle ni a karkace.

"Ustaz, to ni fa? Ina tsaye ina cinikin kifi, Mama na kirana, wayata ta yi gum don kai kana salla?"

Na ƙara wa manhajar tambayar addinin mai waya. Ta ce to matan da ba sa zuwa Juma'a fa, da wanda aka bari yana gadin kaya? Duk inda na toshe sai wani wurin ya ɓalle. Na daina cin abinci a kan lokaci, na daina zuwa gida, ga ranar miƙa aiki tana ta matsowa.

Malamin ya saurare ni yana juya takardun, da alama shi ma a gajiye yake. Ya ce in tsayar da aikin a cikin harabar makaranta kawai, in rubuta a shafin farko cewa aikin bai haɗa da kasuwa ba. Na yi ƙarfin hali na ce ai kasuwar ce ainihin matsalar.

"Na sani," in ji shi. "Ba ƙarya za ka yi ba, iyaka za ka shata. Ko kana da wata shekarar da za ka ba ni?"

Ba ni da ita. Na cire kasuwa, na rubuta dalili dalla-dalla, na sake binciken. Kafin in gyara zama ya fita tas. Abokiyar aikina ta tafa, malam ya sa hannu, ni dai barci kawai nake ji.

Manhajar tana nan a wayata har yau. In Juma'a ta same ni a kasuwa, da hannuna nake kashe ƙarar kafin in shiga sahu.