Ƙasar da Mahaman Ya Zuba a Gonarsa

Mahaman mutumin wani ƙauye ne kusa da Ɗan Issa. Shekara ashirin yana dako da amalanken jaki. Gona ɗaya gare shi, gadon mahaifinsa, kuma kowace damina sai kwazazzabo ya ci wani yanki nata.

Da aka samu zinariya a yankin, bai taɓa shiga rami ba. Aikinsa kwashe ƙasar da ta rage bayan an niƙa dutse an wanke. Toka-toka ce mai ƙyalli, ba mai son ta. Sai ya ga ya samu abin cike kwazazzabo. Rani guda ya yi yana jidarta zuwa gonar, har maƙwabta suna yaba dabararsa.

Daminar farko lafiya lau. A ta biyu ƙasar ta koma rawaya, ruwa ja kamar tsatsa yana tsatsowa daga ƙarƙashinta. Duk inda ya bi, gyaɗa ta ƙone. Matarsa Indo ta dawo daga noma ƙafafunta na zafi. Jakin, da ya saba shan ruwan wurin, ya fara ramewa.

Mahaman ya je Madarunfa ya taho da Yoshiya, malamin gona. Yoshiya ya tsuguna, ya murza ƙasar, ya shinshina.

"Wa ya zuba muku wannan?"

"Ni ne, malam."

Yoshiya ya miƙe, ya karkaɗe hannunsa. "Baba, dutsen nan akwai farar wuta a cikinsa. Yana can ƙarƙashin ƙasa ba ya ɓarna. Amma in aka niƙa shi, iska da ruwa suka same shi, sai ya riƙa fitar da ruwa mai ci, kamar ruwan batir."

"Yaushe zai daina?"

"Ko jikokinka za su iya tarar da shi."

Washegari Mahaman ya ɗauki felu ya fara kwashewa. Bai kai rabi ba jakin ya mutu. Ya ci gaba da kwando a ka, Indo tana bin gidaje tana tara masa toka, don malamin ya ce tana rage ƙarfin ruwan.

Yanzu kashi ɗaya cikin uku na gonar ko ciyawa ba ta fitowa. Mahaman ya bar dako, ciwon ƙirji ya hana shi. Bara ya sami dami tara na gero, inda da yake samun talatin.