Matar da Ta Kore Ni Daga Aikin Leƙen Kwata

A ƙarshen barandar asibiti, bayan an wuce ɗakin hoton ƙashi, akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. Ƙarfe bakwai da rabi Malama take buɗe shi. Ta goge kujeru biyu, ta kunna fankar da ke gurnani kamar an yi mata dole, ta kwance agogon hannunta ta ajiye a kan tebur. Kayan aikinta ke nan, sai littafin rubutu da tambaya guda: "Daga sifili zuwa goma, tsoron nan nawa ne yanzu?" Ma'aikaciyar jinya ce da ta ƙware a lafiyar ƙwaƙwalwa. Shekara ashirin da shida tana wannan zama, ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Matsalar ƙanena ce ta kai ni ɗakin. Direba ne, motar ma'aikatan wani kamfani yake ja, shekara goma sha biyar ko madubi bai taɓa fasawa ba. Kwatsam wani tunani ya liƙe masa: duk ramin da taya ta faɗa, sai zuciyarsa ta ce mutum ya taka. Ya juya ya duba, ba kowa. Ya tafi, ta ce bai duba da kyau ba. Tafiyar minti ashirin ta koma awa biyu, ga mutum goma sha takwas a bayansa suna tsaki. Shugabansa ya ba shi hutun wata biyu: ko ya dawo lafiya, ko ya ajiye makulli. 'Ya'yansa huɗu.

Ni kuwa, babban wa mai dabara, tuni na samo magani. Da ya bugo waya sai in hau babur, in bi hanyar, in leƙa kwata, in kira shi: "Kwantar da hankalinka, kwali ne." Wata rana har sau bakwai.

Malama ta saurara har na gama jero ayyukana, ina jiran a ce mini sannu.

"Yayansa, wa ya ɗauke ka wannan aiki?"

"Ba kowa, Malama. Zumunci ne."

"To ni na kore ka, daga yau."

Sannan ta yi mana bayani. Ciwon waswasi ne, likitoci sun san shi, ba hauka ba ne. Duk dubawar da aka yi, tsoro yakan lafa na ɗan lokaci, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka dubawar ce ta ceci rai, gobe ta nemi ninki biyu. "Ciwon ci yake yi," ta ce da ni, "kai ne mai kai masa kwano."

Ba ta jefa shi kan titi a ranar ba. Sun fara daga ƙasa: ya rubuta "wataƙila na taka mutum", ya karanta a fili, ya zauna da maganar har bugun zuciyarsa ya daidaita. A mako na uku ta shiga gaban tsohuwar motata, shi yana tuƙi, ni ina baya an hana ni buɗe baki. Taya ta faɗa rami.

"Malama, kin ji?"

"Na ji."

"Mutum ne?"

"Wataƙila."

"Haba Malama! Don Allah ki ce a'a mana!"

"Ka duba madubi sau ɗaya kamar kowane direba. Nawa ne tsoron?"

"Ɗari!"

"Goma ce iyaka, direba. Riƙe sitiyarinka mu tafi."

Rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, amma bai juya ba. Bayan minti ashirin da biyar a agogonta, ya ce shida. Kafin mu koma asibiti ya ce huɗu, yana mamakin bakinsa.

Ba mu kaɗai muka gani ba. Mai sharar barandar ta rantse mini ta sha ganin Malama tsugune a gaban kwandon shara, ita da wata mata da wanke hannu ya tsattsage wa fata. Malama ce take fara sa nata hannun a cikin sharar.

Jarrabawa ta gaske a kaina ta faɗo. A mako na biyar, da rana tsaka, ya fita da motata shi kaɗai, sai ga wayarsa.

"Yaya, sau ɗaya tak. Kusa da gidan mai ne. Daga yau ba zan ƙara ba."

Makullin babur yana hannuna, har na zura takalmi ɗaya.

"Ba zan je ba," na ce.

"Ashe kai ba ɗan'uwa ba ne," ya ce, ya kashe.

Na zauna a kan babur a tsakar gida, ƙafa ɗaya babu takalmi, nawa tsoron ya kai tara. Bayan minti arba'in saƙonsa ya shigo, kalma ɗaya: "Uku."

Ya koma bakin aikinsa saura kwana shida hutun ya ƙare. Tunanin bai mutu ba. Ya ce fasinja ne mai surutu, yana nan zaune, amma ba shi ke tuƙi ba.

Malama, ke ce mai haƙurin zama da tsoron wani har ya gaji ya sauka don kansa. Ke ce kika ga mutum yana roƙon kalmar "a'a" da hawaye, kika hana shi, don kin san abin da za ta ci masa. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Matasan jinya, ku je ku koya a wurinta kafin wata ya ƙare. Mai ɗan'uwa irin nawa kuma ya daina yi wa ciwon hidima, ya kai shi wurin masu irin wannan aiki.

Sai dai ki sani, ba kowa ne ke gode miki ba. Ma'aikatan motar nan yanzu takwas saura kwata suke isa ofis, kuma ba su da wanda za su ɗora wa laifin makara.