Sakkwatancin Barakatu

Barakatu 'yar Gwadabawa ce, amma a Wudil ta yi rabin rayuwarta, a Wudil kuma aka binne ta. Mahaifinta falken shanu ne mai sauka kara, kasuwar dabbobin Wudil, ranar Juma'a, shi ya kawo ta wurin ƙanwarsa da ke aure a garin. Nan Haladu mai gyaran injin ban-ruwa ya gan ta, ta gan shi, magana ta ƙullu.

Haladu ba mugu ba ne, kowa a bakin kogi zai shaide shi. Sai dai yana da cutar nan ta Bakano, wato duk wanda bai yi Hausa irin tasa ba, a wurinsa bakinsa ne ya karkace. A makon farko na amarci ya tambaye ta ko abinci ya sauka, ta ce masa, "Awo, shina nan cikin kwano." Ya yi dariya har da riƙe ciki, washegari ya kai labarin majalisa. Daga nan komai ta faɗa sai ya maimaita, har da lanƙwasa murya. Shi a ganinsa soyayya ce. Ita ma takan yi murmushi, amma yau da gobe ba ta bar komai ba. Kafin ta yaye 'yarsu Radiyya ta riƙe Kananci tsaf, har maƙwabta suna yaba mata wai bakinta ya gyaru. In za ta kira gida a waya, sai ta zaga bayan madafi ta yi ƙasa da murya.

Ɗinkin hula take yi, rediyo kullum a gefenta. Akwai wani wasan kwaikwayo da ta bi shekara da shekaru, rana ɗaya aka daina sa shi ba tare da an kai ƙarshe ba. Matan da abin ya ƙona wa rai suka buɗe zaure a WhatsApp, suka ce tunda masu shi sun yar, su za su ɗauka. Kowace ta zaɓi wanda take so a cikin 'yan wasan tana ƙirƙira masa ci gaba. Wata ta tayar da wanda aka kashe, wata ta raba auren da bai yi mata ba. Barakatu ta ɗauki wata tsohuwa Basakkwaciya mai sayar da daddawa, wadda sau biyu kacal ta taɓa fitowa a wasan, ta yi mata ƙuruciya da dangi da gari. Rubutu yana yi mata wuya, don haka da saƙon murya take tura nata, da hantsi, bayan Haladu ya fita. Ya san tana wani abu a waya, yakan kira shi shirmen mata. Shekara huɗu tana yi bai taɓa cewa ta kunna masa ba.

A daminar bara hawan jini ya kayar da ita, kwana biyu ta cika. A zaman makoki wani dattijo ya ja Haladu gefe ya ba shi shawara. Ya ce labarin ƙirƙira ƙarya ce, ga shi kuma muryar matar aure tana yawo a wayoyin mutane, gara a share kada ya zame mata nauyi a kabari. Haladu yana sonta, kuma wannan ne kaɗai abin da yake ganin ya rage zai iya yi mata. Ya goge duk abin da ke wayarta da hannunsa. Ya nemi lambar mai kula da zauren, wata Comfort 'yar Kafanchan da ke aiki a ɗakin karatu na jami'a, ya roƙe ta don Allah kowa ya goge.

Mahaifiyar Barakatu ba ta samu zuwa ba sai ranar sadakar arba'in, saboda ciwon ƙafa. Da tsohuwar ta buɗe baki tana amsa gaisuwa, Haladu ya tsaya yana saurare. Maganar nan ce da ya yi wa dariya, ya kuma lalubi yadda take fita a bakin matarsa ya rasa. Abin da ya rage masa Kanancin aro ne. Da mutane suka ragu tsohuwar ta kira shi kusa da tabarmarta.

"Ɗana, an ce min ɗiyata na labari cikin waya da maganarmu ta gida. Ka samo min in jiya, ko sau guda."

Ya ce to. Bai iya gaya mata abin da ya yi ba.

Washegari ya sami Comfort a bakin ɗakin karatu. Bayan doguwar gaisuwa da ta'aziyya ya faɗi abin da ya kawo shi, kansa a ƙasa. Ta miƙa masa wayarta ya ga hirar da matan suka yi bayan rasuwar. Wata daga Zariya ta rubuta cewa in Barakatu ta ce "mi kaka hwaɗi" sai ta ji kamar ta bi ta gida. Wata ta ce ita ba labarin take bi ba, bakin take saurare, tana wanke-wanke tana maimaitawa. Har musu suka yi a kan ko Katsinanci ya kai Sakkwatanci daɗi, aka ce a bakin Barakatu dai babu haɗi. Comfort da kanta ta rubuta cewa shekara goma ana yi wa Hausarta dariya a kasuwar Wudil, sai da ta ji Barakatu ta daina jin kunyar bakinta. A tsakanin maganganun akwai gurabe da yawa inda matan suka sake turo muryarta, kowanne da alamar an goge saƙo.

Ya tambaya ko akwai wadda ta ɓoye ko guda ɗaya. A ransa yana addu'ar a samu mai taurin kai.

"Malam Haladu, babu," in ji Comfort. "Mu sittin da uku ne. Ni na bi su ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka adana a wani wuri. Wasu suna kuka suka goge. Mun ce haƙƙinka ne, kuma don ita ka roƙa."

Duk da haka ta sake tambaya a zauren. Suka zauna a kan benci amsoshi suna shigowa, kowace tana rantsuwa ta cika alkawari, tana yi wa mamaciyar addu'a. Ga shi babu wanda zai ɗora wa laifi. Ya yi mata godiya, ya ce Allah Ya saka da alheri, domin abin da ya kamata ya ce ke nan.

Da la'asar ya shiga gida. Tsohuwar tana inda ya bar ta, ta ɗaure kayanta don motar safe. Ya durƙusa ya ce ba a samu ba, ya buɗe baki zai faɗi dalili, ta ɗaga masa hannu.

"Ba komi, ɗana, kak ka damu kanka. Ni ce ban da rabo. Kai dai da kaz zamna da ita shekara ashirin, ai ka ji ta har ka ƙoshi."

Haladu ya ce haka ne, Inna. Ya tashi ya ɗauki buta ya fita.